Hoton Da Na Ƙi Wankewa

Assalamu alaikum, masu karatu. Na ga abin da kuka rubuta a ƙarƙashin kashin makon jiya. Wata baiwar Allah ta tambayi irin motar da nake hawa. Wata ta ce ba ta taɓa karanta labarin soyayyar da saurayin ke da furfura da ciwon gwiwa ba. Na gode muku duka. Motata bas ce ta Samaru zuwa Sabon Gari, bayan direba in Allah ya sa na riga wani. Furfurar kuma tawa ce, ba aro ba.

Ga wanda yau ya shigo: sunana Ɗalhatu, shekarata hamsin da biyu, sana'ata ɗaukar hoto. A Samaru nake kwana, shagona kuma yana saman wani tsohon bene a bayan PZ. Matata Bilkisu ta rasu shekara biyar ke nan. Tun da aka watse daga sadakar arba'in, yayata, Yaya Kande, ta ɗaura ɗamarar aurar da ni. Mata huɗu ta kawo, na kore su ba tare da na ce uffan ba. Ta biyar ita ce Malama Nana Aisha, mai koyar da kemistiri a wata sakandare ta hanyar Bomo, wadda ita ma mijinta ya rasu. Ita shiru bai kore ta ba, domin ta fi ni iya shi. Wata takwas muna zama a zauren gidansu, ina kai mata littattafai, tana dawo mini da su da alamar fensir a duk inda take ganin marubucin ya yi ƙarya.

Ranar Litinin Yaya ta turo mini saƙon murya, minti huɗu da sakan goma sha ɗaya. Na taƙaita muku, don ita ba ta san taƙaitawa ba.

"Ɗalha, kana ji na? Baban yarinyan nan ya gaji. Ya ce gidansa ba laburare ba ne. Akwai wani mai gonan kaji a Zabi, sau biyu yana turo mutanensa. Baba ya ce in da gaske kake, ka turo ranan Juma'a bayan an sauko daga masallaci. In ba haka ba, ka ba mutane wuri. Wallahi in ka kunyata ni a wannan karon, ko a hanya ka gan ni kada ka gaishe ni."

Na saurara sau biyu, na kife wayar a kan littafi, na ɗora shayi. Abin da na iya ke nan.

Talata da safe saƙon Nana Aisha ya shigo.

"Malam, ka ji hukuncin Baba?"

"Na ji."

"To?"

Na rubuta na goge har sau uku. A ƙarshe na tura mata gaskiya, ina zaton za ta ɓata mata rai in huta.

"Ni ba na sanin mutum sai na ɗauke shi hoto."

"Ashe wata takwas da baƙuwa kake hira. Ƙarfe nawa?"

"Gobe, goma na safe. Lokacin ne hasken tagar yake da kyau. Ki sa mayafi mai duhu, fari yana cinye fuska."

"Zan zo da Yaya."

Kafin in ci gaba dole ku san kyamarata, don ita ta jawo duk abin da ya faru. Ba irin wadda kuka sani ba ce. Akwati ce ta katako mai ƙafa uku, tsakiyarta fata mai naɗewa kamar zugazugin maƙeri, ido a gaba, gilashi mai hazo a baya. Na gaje ta daga maigidana, Baba Kehinde, wanda ya ɗauki rabin amaren Sabon Gari kafin a haifi yawancinku. Mai ɗauka yakan lulluɓe kansa da baƙin zane ya leƙa gilashin, ya ga mutum a kife, kai a ƙasa. Fim ɗinta falle ne guda, girman shafin littafin 'yan makaranta, kowane falle kwance a cikin gidansa, wani siririn akwati mai marfin da ake zarewa. In ka gama saiti sai ka rufe idon, ka cusa gidan fim a gaban gilashin. Daga nan ba ka ƙara ganin komai ta cikin kyamarar. Sai ka fito daga zanen ka tsaya a gefe, igiyar dannawa a hannunka, ka kalli mutum ido da ido, ka jira. Wannan jiran shi ne sana'ar. Sauran duk katako ne da fata.

Bakin marfin gefe ɗaya fari ne, ɗayan baƙi. Fari a waje, ba a taɓa fim ɗin ba. In ka ɗauka, sai ka juya marfin ka mayar da baƙin waje. Wannan doka Baba Kehinde ya koya mini ita da ranƙwashi. Na ƙara biyu daga kaina. Mutum ɗaya, fim ɗaya. Kuma in na wanke hoto, a gaban mai shi nake lissafa aibinsa. Shi ya sa benena ba ya shan takalmi. Ɗaliban zane na Samaru ne suka fi zuwa, su ma don su ji ana yi wa aikin wani wankin babban bargo.

Gidajen fim goma gare ni, kowane da lambarsa da farin fenti. Tara suna aiki. Na bakwai shekara biyar ke nan yana cikin firjin gidana, nannaɗe a leda.

Ga abin da kafin yau ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Yaya. Bilkisu ce a ciki.

Kwana tara kafin ta rasu ta ce in kai ta shago in ɗauke ta. Ciwon ya riga ya cinye ta, sai da na goya ta muka hau benen. Na zaunar da ita, na sa mata matashi, ta karkata gefe guda don ba ta iya miƙewa. Mutumin kirki da minti biyu zai gama. Ni na yi kusan ashirin a ƙarƙashin zane, ina matso da ido ina mayar da shi, wai sai ƙwayar idonta ta fito tas. Da na fito na riƙe igiya sai ta ce, "Malam, in ka gama gyare-gyaren ka tashe ni." A daidai lokacin na danna. Ban ga fuskarta ba, ina kallon wani gajimare da ke shirin tare mini haske ta taga. Sai tari ya sarƙe ta, ta sulale. Na tura marfin yadda ya zo hannuna, fari a waje, na ɗauke ta sai asibiti. Ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba.

Ban wanke shi ba. Na san abin da ke ciki, fuskar matar da mijinta ya wahalar don haske. Na ji muryar, me zan yi da idon? Ko marfin ban juya ba, don hannuna ya ƙi. Na ce lambar ta ishe ni shaida.

Tun ranar Litinin taransifomar layinmu ta ƙone. Kafin safiyar Laraba firjina ya koma akwatin ɗumi, zafi kuwa yana cin fim kamar gara. Ledar ta jiƙe sharkaf, na cire ta, na goge gida na bakwai da gefen rigata, na sa shi a jaka tare da na uku da na huɗu waɗanda na ɗura wa sabon fim. Niyyata ina isa shago in saka shi a ƙaramin firjin can, mai aiki da sola.

Ina sauka daga bas Ukachi mai yadi, maƙwabcina na ƙasan bene, ya ɗaga mini hannu.

"Oga Foto, yau akwai wahala o! Hajiya tana sama tun tara da rabi."

Na tarar da su a bakin ƙofa. Yaya ta sha atamfa ruwan ƙwai, ɗaurin kanta kamar zai taɓa silin, kular masa a hannu. Nana Aisha kuwa doguwar riga ce ruwan toka, da mayafi shuɗi mai duhu irin na rini, da siririn agogo, da takalmi maras tudu. Ban da kwalli babu komai a fuskarta. A yatsanta na tsakiya akwai jar tawada, alamar ta yi makin jarrabawa kafin ta fito.

"Ina kwana, Malam."

"Lafiya lau, Malama. An zo lafiya?"

"Bar gaisuwan nan," in ji Yaya. "Na ce mata ta sa leshinta ruwan madara, ta ce wai kai ka hana. Dubi yadda ta zo kamar mai zuwa ta'aziyya! Kai kuma wannan rigan fa? Ba shi ka sa ranan sunan ɗana Ridwan ba? Ridwan ɗin da yanzu yake bautan ƙasa?"

"Rigar ba ta yi ƙorafi ba, Yaya."

"Ai ba ta da baki. Da tana da shi da ta kai ka ƙara."

Ina buɗe ƙofa ina amsa mata, ina ɗaga labule ina amsa mata, ina zazzage jaka a kan tebur ina amsa mata. Gidaje uku suka kwanta jere, duka fari a waje. Firjin yana kusurwa yana gurnaninsa. Ko kallonsa ban yi ba.

Kujerar da nake zaunar da mutane ba ta taɓa gusawa ba. Na zana wa ƙafafunta huɗu da'ira da fenti a ƙasa, na zana wa na kyamara uku, shekara ashirin ke nan. Bayanta baƙin yadi ne, taga kuma ta hagu. Nana Aisha ta zauna a miƙe, irin zaman malamar da ta saba a tashi in ta shigo. Na ja zane na rufe kaina.

Masu karatu, na ɗauki mutum ya fi dubu. Na ɗauki alƙalai da 'yan dambe, na ɗauki wata tsohuwa mai shekara ɗari da ta tambaye ni ko akwatin yana shan jini. Na zaci babu abin da gilashin nan zai ƙara nuna mini.

Da farko hazo ne kawai, kamar tururi a kan tukunya. Na murza ƙarfen a hankali. Amfanin ganin mutum a kife shi ne, zuciya takan daina cewa "ai na san ta", sai ta fara gani. Hazon ya tattaru ya zama goshi. Gashin ido ya fito ɗai-ɗai, har ana iya ƙirgawa. Ga wani ɗan tabo a gefen gira wanda wata takwas ban taɓa lura da shi ba. Ga wasu siraran layuka biyu a gefen baki, waɗanda ba dariya ce ta zana su ba, haƙuri ne. Ƙurar alli a kan shuɗin mayafin ta zama kamar taurari a sararin da aka wanke da ruwan sama. Na ɗora madubin ƙara girma a kan ƙwayar idonta. A ciki na ga tagata gaba ɗaya, da sandunanta shida, da hasumiyar masallacin tsallaken titi, da wata tantabara da ta gifta. Duk wannan a wurin da bai kai ƙwayar gero ba, yana rataye a kife, yana numfashi.

Na ce Subhanallahi, ban san a fili na faɗa ba. Numfashina ya rufe gilashin, na goge, na sake kallo. Wanda ya halicci wannan, me ya rage masa da bai nuna ba? Mu ne ba ma tsayawa.

"Ya mutu ne a ciki?" in ji Yaya.

"Yana numfashi, Yaya," Nana Aisha ta amsa ba tare da ta motsa kai ba. "Ina ganin zanen yana motsi."

Na rufe idon kyamarar, na fito. Ban iya ɗauke kallona daga kanta ba, ina tsoron abin da na gani ya gudu. Na miƙa hannu ta baya na ɗauko gida ɗaya. Da wutsiyar ido na ga fari. Na cusa, na zare marfi, na riƙe igiya.

"Ina zan kalla?"

"Inda kika ga dama."

Ta kalle ni.

"Me kake jira?"

"Ki gaji da yi mini fuskar baƙi."

A ƙasa masu Keke suna ta hon, wani yana tallan kankana da lasifika. Minti ɗaya ya wuce, watakila biyu. Sai na ga kafaɗunta sun sauka, fuskar malamar ta tafi, wata mace da ta gaji da jira ta zauna a wurinta. Na danna. Rabin sakan.

Na juya marfi baƙi a waje, na mayar, na zaro gidan. Babban yatsana ya sauka a kan fentin lambar. Tun kafin in duba na sani, don yatsa ya fi ido sanin kayansa.

Bakwai.

Shekara talatin ban taɓa cusa gida ban karanta lambarsa ba. Na zauna a ƙasa, a nan inda nake, gidan a cinyata.

"Malam, lafiya?"

Na faɗa musu. Duka na faɗa, har da gajimaren. Yaya Kande ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara biyar a firji, Ɗalha? Ni da nake ajiye maka miya a gefensa?" Sai ta rufe fuska da gefen mayafi.

Nana Aisha ba ta tashi daga kujerar ba.

"Hoto biyu a falle ɗaya. Me ke faruwa?"

"Haske a kan haske. Yawanci sai su cinye juna, ba a ga kowa ba."

"Wani lokacin fa?"

"Ban sani ba. Ban taɓa yin wannan wautar ba."

"To, wanke."

"Ba zan iya ba."

"Malam, ni aka ɗauka. Haƙƙina ne in ga hotona, kuma Juma'a jibi ce." Ta gyara mayafinta. "In ka mayar da shi firji, mu biyu ka mayar. Ni kuwa ban mutu ba."

Na karanta littattafai da yawa a shekara biyar ɗin nan, ina neman wanda zai faɗa mini magana irin wannan. Duk sun tsaya suna lallashina.

Ana wanke irin wannan fim a cikin duhu ɗungurungum, ko jar fitila ba a kunnawa. Nana Aisha ta miƙe za ta bi ni, Yaya ta tare ƙofa da jikinta.

"Ɗakin duhu? Da namiji? Ba dai a gabana ba."

"To wa zai riƙe masa lokaci?" Ta juyo gare ni. "Minti nawa?"

"Tara. Kowane minti a ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya, in girgiza farantin."

Ban gaya mata wadda ta saba yi mini wannan ba. Tun rasuwar Bilkisu da ka nake ƙirgawa.

Na rufe ƙofa, na kashe fitila. Na zaro fallen da yatsa biyu, na lalubi farantin farko, na ce Bismillah, na nutsar da shi. Na ce, "Fara." A cikin duhun nan babu sama babu ƙasa, sai warin magani da santsin fim a ƙarƙashin yatsu. Ƙwan! Na girgiza. Ƙwan! Bilkisu da zobenta take bugawa, sau biyu a jere, ko da na ce sau ɗaya. Wannan da gaɓar yatsa ce, sau ɗaya, ba ƙari ba ragi. A bugu na huɗu na lura ina kwatanta su. A na bakwai na lura na daina. A na tara Nana Aisha ta ce, "Malam, fitar da shi."

Na wuce da shi sauran farantan, na ɗauraye, na rataye shi a igiya ina kallon bango. Ban duba ba. Ku kira ni matsoraci, ba ku ne na farko ba.

Muka yi sallar Azahar. Yaya ta buɗe kular masa, ta ci nata, ta ci rabin nawa don kada a yi asara. Da fim ya bushe sai batun bugawa a takarda, wanda ake yi da jar fitila. Yaya ta ce in dai ana ganin juna, to, amma ita ce a tsakiya. Haka muka tsaya mu uku a ɗakin da mutum ɗaya ma yake cika shi, fuskokinmu jajawur. Na kwantar da fim a kan takarda, na danne da gilashi, na ba shi haske, na zura farar takardar a faranti.

"Ai babu komai," in ji Yaya.

"Ki jira, Yaya."

Baƙin yadin baya ne ya fara zuwa, kamar hadari daga gabas. Sai kujerar, guda ɗaya tak, ba ta rabu biyu ba, saboda fentin nan na ƙasa. Sai gira, sai ido, sai Nana Aisha gaba ɗaya ta taso daga cikin ruwan, a miƙe, tas, har da ɗan tabon. Na ce a raina shi ke nan, ta cinye ta, na kashe Bilkisu karo na biyu.

Sai Yaya ta damƙe hannuna.

Mayafin mai duhu bai yi duhu ba. Ƙananan furannin wata atamfa suna fitowa ta cikinsa, atamfar da ni na saya a shagon Ukachi. A daidai kafaɗar Nana Aisha, ƙasa da haɓarta, inda marar lafiya ta karkata don ba ta iya miƙewa, wata fuska tana tasowa a hankali. Duhun rinin ne ya riƙe ta. Da leshi ruwan madara aka sa, da babu ita.

"La ilaha illallahu," in ji Yaya. "Bilki!"

Ta rame, kamar yadda na sani. Amma idanun sun ƙanƙance, kumatun sun ɗaga, bakin kuma ya yi hazo don ta motsa shi. Masu karatu, dariya take yi. "In ka gama gyare-gyaren ka tashe ni." Tsokanata take yi, irin wadda ta yi mini shekara ashirin da ɗaya. Ni kuma ina kallon gajimare. Shekara biyar ina ɗauke da muryar a matsayin tuhuma, don ban ga fuskar da ta fito daga cikinta ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji mutanen da. Ni da fuska ce sana'ata, ban tambaya ba.

Ban san tsawon lokacin da muka tsaya ba. Nana Aisha ce ta ce, "Zai ƙone, Malam," ta ɗauki hantsaki ta ciro takardar ta sa a faranti na gaba, kamar wadda ta shekara tana yi.

Muka fito da shi bakin taga, a jiƙe. Yaya tana ta share hanci tana cewa mura ce.

"To, Malam," in ji Nana Aisha. "An ce kana faɗin aibin hoto a gaban mai shi. Ga ni."

Na gyara murya. "Haske ya yi yawa, saboda sau biyu ya shiga. Akwai hazo a gefen dama, zafin kwana biyun nan ne. Hannayen sun cakuɗe, ba a san na wace ce ba. Ita kuma ta motsa, bakin bai..."

Na mayar da ido kan hoton.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ka bar babban. Dubi inda take kallo. Dubi inda nake kallo."

Na duba. Babu wadda ta kalli idon kyamara. Dukansu sun kalli gefen dama kaɗan, wuri ɗaya, tsayi ɗaya, inda mai igiya yake tsayawa.

"Mu biyu muna kallon mutum ɗaya," ta ce, "shi kuwa ba ya cikin hoton. Wa ya taɓa ɗaukar ka?"

"Ina da na fasfo."

"Ba shi na tambaya ba."

Na juya ga Yaya. Ban shirya maganar ba, ita ta fito da kanta. "Yaya, ki kira Kawu. Ki ce ya shirya zuwa nema mini auren Malama, ranar Juma'a bayan masallaci."

Yaya ta rangaɗa guɗar da ta sa Ukachi ya leƙo daga ƙasan bene. Ta riga ta zaro waya daga jaka, Nana Aisha ta ɗora hannu a kai.

"Dakata, Yaya. Ya ba da tasa amsar. Ba a tambayi tawa ba."

"Ke kuma! Wane irin..."

"Shi ya ce ba ya sanin mutum sai ya ɗauke shi hoto. Na ga gaskiyarsa yau. To ni ma wata takwas da baƙo nake hira." Ta nuna kujerar. "Zauna, Malam."

"Hasken ya karkata. Wannan lokacin ba ya..."

"Zauna."

Na zauna. Shekara ashirin da kujerar nan, ban san tana da tauri haka ba. Daga inda nake na gaya mata abin da za ta murza da abin da za ta buɗe. Ta ja baƙin zanen ta rufe kanta a kan mayafi. Na ga zugazugin yana miƙewa yana dawowa. Sai ya tsaya. Ban san inda zan kai hannuwana ba, hancina yana ƙaiƙayi, na tuna duk wanda na taɓa daka wa tsawa don ya motsa, na nemi gafararsu ɗaya bayan ɗaya.

Daga ƙarƙashin zanen, a hankali, na ji ta ce, "Ikon Allah."

"Me kika gani?" in ji Yaya. "Furfuran ne?"

Ta fito, ta rufe idon kamar yadda na nuna mata, ta ɗauki gida ta ɗaga shi saitin fuskata.

"Na uku. Fari a waje. Ka shaida?"

"Na shaida."

Ta cusa, ta zare marfi, ta tsaya a gefe da igiya a hannu, ta zuba mini ido.

"Me kike jira, Malama?"

"Ka gaji da yi mini fuskar mai hoto."

Ban san lokacin da ta danna ba. Na dai ga ta juya marfin baƙi a waje, ta zaro gidan, ta naɗe shi da hankici, ta saka a jakarta tsakanin takardun jarrabawa.

"Gobe bayan an tashi makaranta zan zo. Ni zan wanke, kai ka ƙwanƙwasa ƙofa. In na ga abin da ke ciki, Yaya za ta ji ko ta kira Kawu ko kada ta kira."

Suka sauka benen, Yaya tana mita har titi.

Yanzu ina Samaru, an idar da La'asar, wuta ba ta dawo ba, firjin a buɗe babu komai a ciki. Hoton yana jingine da littattafai a kan tebur, su biyun suna kallon kujerar da nake zaune. Ina cikin rubuta muku wannan wayata ta yi ƙara, saƙon Nana Aisha ne.

"Malam, ka motsa."

"Ban motsa ba. Shekara talatin ina hana mutane."

"Ka motsa. Bakinka. Ina tsaye ina gani."

Na taɓa bakin nawa, kamar zan tarar da shaida a wurin. Na rubuta, "Akwai sauran na huɗu. A sake gobe."

Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Mutum ɗaya, fim ɗaya. Dokarka ce."